Yadda Ake Kallon Tsofaffin Finafinan Fursunonin Yaƙi

Wanda ya saba da finafinan harbe-harbe na yanzu yana iya ƙosawa da irin waɗannan finafinai tun ba a je ko'ina ba, domin yawancin faɗan da ke cikinsu na baki ne da na zuciya. Saboda haka a bari sai hayaniyar Agege ta lafa bayan sallar isha'i, a kuma cika waya ko kwamfuta da caji, tunda wutar Legas ba ta yi wa kowa alkawari ba.

Kafin a kunna, ya kamata a san tarihin. Fim ɗin The Bridge on the River Kwai na 1957 ya ginu ne a kan layin dogon da Japan ta tilasta wa fursunoni shimfiɗawa tsakanin Tailan da Bama (Myanmar a yau) daga 1942 zuwa 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma rigimar farko a cikinsa ta taso ne daga Yarjejeniyar Janiba ta 1929 kan yadda za a riƙe fursunonin yaƙi, wadda ta hana a sa hafsoshin da aka kama aikin ƙarfi. Kwamandan Japan mai kula da sansanin fursunonin yana ganin sojan da ya miƙa wuya ya riga ya zubar da mutuncinsa, shi kuwa kanar ɗin Ingila da ke jagorantar fursunonin ya riƙe doka gam, ko da za a gasa shi a ɗakin kwano cikin rana. A nan ne ya dace a zuba ido, a lura da wanda ya fara kau da kai, da wanda muryarsa ta fara rawa.

A tuna kuma cewa leburorin Asiya sun fi Turawa mutuwa a wannan aiki, amma da ƙyar ake hango su, kamar yadda kakanninmu da suka yi yaƙin Bama ba kasafai suke fitowa a irin waɗannan finafinai ba.