Darasi na 9: Numfashi, Haki da Juriya

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san aikin zugazugi. Gawayi na nan, wuta na ciki, amma ƙarfe ba zai yi ja ba sai yaron maƙeri ya kama zuga. In ya sassauta hannu, wuta ta lafa. In ya ƙara, ta ruru. Gawayin bai canja ba, iska ce ta ƙaru.

Jikin ɗan Adam ma maƙera ce. Tuwon da muka ci shi ne gawayi, huhu shi ne zugazugi. Abin da ke cikin iska wanda ke mai da abinci ƙarfi kuwa, sunansa oksijin. Ku faɗi kalmar sau uku, sannan ku rubuta ta a littafinku: ok-si-jin.

Hanyar da iska ke bi

In aka kasa iskar da muke shaƙa kashi 100, kashi 21 ne oksijin. Iskar tana shiga ta hanci, inda gashi da majina ke tare ƙura, ta bi maƙogwaro ta gangara ƙirji. A can hanya ta rabu biyu, dama da hagu, kowace ta yi ta fitar da rassa kamar bishiyar da aka juya kanta ƙasa. A bakin rassan akwai 'yan mitsi-mitsin jakunkuna, sun fi miliyan 300. Wanda ya taɓa gyaran kayan cikin rago ranar Layya ya san huhu da laushi kamar soso, kuma in an jefa shi a ruwa ba ya nutsewa. Jakunkunan nan ne dalili.

A jikin jakunkunan ne jini ke karɓar oksijin. Jajayen ƙwayoyin jini su ne 'yan dakonsa. Zuciya ta tura su zuwa tsokar hannu da ta ƙafa da ƙwaƙwalwa, su sauke kaya, jini ya kwaso gurɓatacciyar iskar da aiki ya haifar, ya kawo wa huhu ya fitar.

Kun ga ke nan hannu huɗu ne a aikin: huhu, jini, zuciya, tsoka. Kamar leburori ne masu miƙa wa juna bulo a wurin gini. In ɗaya ya yi sanyi, magini a sama sai ya zauna jira.

Wannan batu yana da muhimmanci, domin mutum yakan hau bene ya kama haki, sai ya ɗora wa ƙirjinsa laifi. Sau da yawa huhu ba ruwansa. A asibiti akwai wata 'yar na'ura da ake maƙala wa yatsa, tana nuna yadda jini ya ƙoshi da oksijin. A jikin mai lafiya takan nuna 95 zuwa 100, ko da kuwa ragon mutum ne wanda ba ya ko zuwa bakin titi da ƙafa. Huhunsa ya yi nasa. Zuciya ce da tsoka ba su saba da aiki ba. Shi ya sa oksijin na tukunyar asibiti magani ne na marar lafiya, mai lafiya ba zai ƙaru da shi ba.

Ko kuma 'yan dakon ne suka yi kaɗan, wato ƙarancin jini. Zazzaɓin cizon sauro yana kawo shi, da tsutsar ciki, da goyon ciki, da yawan zubar jinin al'ada. Mai wannan matsala zai riƙa jin kasala da jiri, cikin idonsa da tafin hannunsa su yi fari. Shi gwajin jini yake buƙata, da abinci mai gina jini irin su hanta, nama, kifi, wake, zogale da alayyafo. Shan shayi a kan abinci yana rage amfanin da jiki ke samu daga gare su, lemo da tumatir kuwa suna ƙarawa.

Abin da motsa jiki ke canjawa

Babban mutum a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Zuciyarsa tana bugawa sau 60 zuwa 100. Da ya kama aiki mai nauyi, tsoka ta nemi ƙarin oksijin, numfashi na iya kai 40 ko fiye. Wannan shi ne haki. Ba ciwo ba ne, yaron maƙeri ne ya ƙara zuga.

Motsa jiki ba ya sa huhu ya ƙara girma yadda wasu ke zato. Abin da yake yi ya fi haka. Zuciya tsoka ce, in ta saba da aiki sai bugu ɗaya ya tura jini mai yawa, ba sai ta yi ta dukan uku-uku ba. Ƙananan hanyoyin jini suna ƙaruwa a cikin tsoka. Ita kanta tsokar tana ƙwarewa wajen cin moriyar oksijin da aka kawo mata. Naman da ke shimfiɗe a ƙarƙashin huhu, wanda ke ja mana numfashi, shi ma yana ƙara ƙarfi. Ku dubi mai ga-ruwa yana tura kura cike da jarkoki goma yana ta gaisawa da mutane, ku kuma da kun tura taku ashirin sai kun nemi wurin zama. Huhunku iri ɗaya ne, sabo ne ya bambanta.

'Yan gudun Kenya da Habasha suna da wata riba a kan sabo. Garin Iten na Kenya, inda da yawansu ke atisaye, yana kan tudu mai tsayin mita kusan 2,400, ninki biyu na tudun Jos. Iskar can ba ta da kauri, sai jiki ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini don ya cike giɓi. A 2019 Eliud Kipchoge na Kenya ya yi gudun kilomita 42 a birnin Biyana (Vienna) na ƙasar Austriya cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40.

Mu ba gasa za mu shiga ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Ku lissafa: minti 30 sau kwana 5. Matsakaici shi ne wanda za ka iya magana kana cikinsa, amma ba za ka iya rera waƙa ba. In magana ta gagara sai kalma ɗaya-ɗaya, ka tsananta, ka rage. Tafiya da sauri ta shiga lissafi, haka tuƙa keke, noma, shara da jan ruwa a rijiya.

Wata ɗaliba ta taɓa cewa a aji, "Malama, ni da ba na fita, ina zan ga wurin tafiya?" Malamar ta ce, "Inna, turminki na nan?" Aka yi dariya, amma gaskiya ce. Daka da surfe motsa jiki ne sosai, injin niƙa ne ya raba mata da su. Zagaya tsakar gida na minti goma sau uku a yini daidai yake da minti 30.

Manomi ma kada ya ce aikin damina ya ishe shi. Juriya ba ta ajiyuwa a rumbu. In aka zauna makonni kaɗan sai ta fara zubewa, shi ya sa sharar gona ta farko ke ba mutane wuya. Tela, direba da mai tireda kuwa, su ne wannan darasi ya fi shafa.

Maniyyata su saurara da kyau. Tsakanin Safa da Marwa, zuwa ɗaya, dawowa ɗaya har a cika bakwai, kimanin kilomita 3 ne. Ga ɗawafi, ga tafiyar jifa, ga zafin rana da cunkoso. Ba a fafe gora ranar tafiya. A fara da wata biyu ko uku kafin tashi: makon farko minti 10 kullum bayan sallar asuba, kowane mako a ƙara minti 5, har a kai 30 ko 40. A yi tafiyar da takalmin da za a je da shi.

Hucewa bayan aiki

Ka gama aiki, amma haki bai tsaya nan take ba. Jiki ne ke biyan bashin oksijin da ya ci. Kada ka zube ƙasa kai tsaye, jini zai taru a ƙafa jiri ya kwashe ka. Yi tafiya a hankali ta minti biyar. In hakin ya yi yawa, ka sunkuya kaɗan ka dafa gwiwoyi. Shaƙi iska ta hanci kana ƙirga 1, 2. Fitar da ita ta baki, ka tsuke leɓe kamar mai hura koko mai zafi, kana ƙirga 1, 2, 3, 4. Masu tsohon ciwon huhu ma ana koya musu wannan a asibiti.

Tsamin jikin da ke zuwa washegari ko jibi daban ne. Tsoka ce ta yi aikin da ba ta saba ba, tana gyara kanta. Yakan wuce cikin 'yan kwanaki. Ruwa, abinci, barcin awa 7 ko 8 da ɗan motsi marar nauyi sun ishe shi. Ba ya buƙatar haɗin ƙwayoyin da ake sayarwa a tasha da sunan maganin gajiya. Da azumi, a bar motsa jiki sai bayan buɗa-baki. Mai sikila kuwa kada ya kai kansa ga galabaita ko ƙishirwa, ya fara jin shawarar likitansa.

Abin da ke ɓata zugazugi

Hayaƙi ne kan gaba. Mai girki da itace a rufaffen madafi tana shaƙar hayaƙi kullum, ita da goyon da ke bayanta. A yi girki a sarari ko a buɗe taga, a yi amfani da busasshen itace. Taba da shisha suna lalata jakunkunan huhu, kuma wanda ya lalace ba ya dawowa. Amma wanda ya daina yana ganin sauƙi: cikin 'yan watanni tari da haki suna raguwa.

Da hunturu, kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe, kada a kunna janareta a cikin gida ko a bakin taga. Suna fitar da wata iska marar wari marar launi, wadda ke kama jajayen ƙwayoyin jini fiye da yadda oksijin ke kama su sau 200. Mutum yana barci za ta gama da shi. Ranar da hazo ya yi kauri, a sa takunkumi ko a rufe hanci da rawani ko mayafi, mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu.

Hakin aiki yana zuwa da aiki, ya tafi da hutu. Hakin da ya saɓa wa haka na asibiti ne: haki kana zaune, kasa kwanciya sai an tara matasai, kumburin ƙafa, ciwo ko nauyi a ƙirji lokacin aiki, numfashi mai fito, suma. Mai jego da ta ga haki da kumburin ƙafa kada a ce mata gajiyar haihuwa ce. Ciwon zuciya na bayan haihuwa sananne ne a asibitocin ƙasar Hausa. Tarin da ya kai mako biyu, musamman da rama, zufar dare ko jini a kaki, a je gwajin tarin fuka. Maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, ana sha wata shida ba tsallake.

Aikin aji

Ku zauna biyu-biyu, maza da maza, mata da mata, ɗaya ya riƙe agogo ko waya. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka, ƙasa da babban yatsa, har ka ji bugu. Ƙirga na daƙiƙa 30, ka ninka biyu. In ka samu 38, bugunka 76 ke nan. Rubuta. Tashi ka taka a wuri ɗaya da sauri na minti 2, ka sake ƙirgawa. Huta minti 2, ka ƙirga na uku. Wanda likita ya hana shi aikin wahala ya tsaya a ƙirga ta farko.

Cike gurbi: Iskar da jiki ke buƙata sunanta ________. Tarin da ya kai mako ________ sai an yi gwaji.

Lissafi: Wata mata tana zagaya tsakar gida minti 10 sau 3 a yini, kwana 5 a mako. Minti nawa ta samu?

Aikin gida

Ja layi uku a shafi guda: rana, mintin tafiya, bugu bayan hutun minti 2. Cike shi kullum har mako huɗu. Ka kwatanta lambar ranar farko da ta ranar ƙarshe, ka zo da littafin aji mu duba tare.