Ka bar table, amma ka kafe komai da piksel: kurakuran tsara shafi da CSS

Wani ƙanena a nan Yamai ya kawo mini manhajar da ya gina wa wani ɗan kasuwa mai sayo albasa daga Galmi. A kwamfutarsa komai ya zauna daram. Da muka buɗe ta a ƴar wayar Itel ta mai kayan, sai ga maɓallin "Ajiye" ya haye kan gurbin rubuta farashi, rabin sunan mai saye kuma ya ɓace ta gefen dama. Ya ce, "Yaya, wallahi ko table ɗaya ban sa ba." Gaskiya ya faɗa, ya bi shawarar da ake ba masu gina shafin yanar gizo cewa kada su tsara shafi da table, wato jadawali mai layuka da ginshiƙai. Sai dai a cikin CSS, yaren da ke tsara kamannin shafi, kowane abu ya kafe shi da position: absolute, ya auna masa top da left (nisansa daga sama da hagu) da piksel, ƙananan ɗigogin allo. Ya sake gina table ɗin ne da hannu, kuma wannan ya fi na da taurin kai.

Wannan kuskure shi na fi gani, shi ya sa zan daɗe a kansa. Absolute, relative da fixed sun shigo ne da CSS2 a 1998, kuma amfanin absolute shi ne a ɗaga abu guda a ɗora shi wani wuri na musamman, kamar ɗan jan ɗigon da ke nuna saƙo ya shigo. Duk abin da ka ba absolute ya fita daga sahu. Maƙwabtansa ba su san da zamansa ba, akwatin da ke ɗauke da shi ma sai ya tsuke kamar babu komai a ciki. Rubutu na ƙara tsawo, sai ya taka na ƙasa. Mu kuwa a Nijar rubutunmu ba ya zama wuri ɗaya: yau "Ajiye" mai harafi 5, gobe mai kaya ya ce a mayar da Faransanci, ya zama "Enregistrer" mai harafi 11.

Gyaran shi ne ka bar ginshiƙin shafi a hannun grid da flex, hanyoyin CSS biyu da ke jera akwatuna da kansu gwargwadon faɗin allo. Tun watan Maris na 2017 Chrome, Firefox da Safari suke karɓar grid, babu sauran dalilin jin tsoronsa. Layi ɗaya, grid-template-columns: repeat(auto-fit, minmax(16rem, 1fr)), ya isa akwatuna su jeru uku ko huɗu a babban allo, su koma ɗaya bisa ɗaya a waya. Inda kuma absolute ya zama dole, kada ka manta ka ba uwar akwatin position: relative. In ba haka ba, ɗan ɗigon nan zai tsallake ta ya je can kusurwar shafi ya tsaya, kai kuma ka kwana kana canza lambobi.

Akwai wasu ƙanana masu cin rai. Wanda ya manta layin viewport, mai gaya wa waya ta bi faɗin allonta, waya za ta ɗauka faɗinsa wajen piksel 980 ne, ta matse rubutu har sai an zuƙo da yatsu biyu. Wanda ya ba akwati width: 100% ya ƙara masa padding (tazarar cikin akwati), zai ga ya zarce gefe, maganinsa box-sizing: border-box tun daga farkon fayil. Sai kan shafi da aka kafe da fixed, ya rufe layin farko na abin da ke ƙarƙashinsa. Sau da yawa sticky ya fi, domin shi yana riƙe da gurbinsa a sahu. Z-index kuma, lambar da ke nuna wane akwati ne zai hau kan wani, ko 9999 ka rubuta, ba zai motsa akwati na yau da kullum da ba a ba shi position ba, sai in yana cikin flex ko grid.

Na ƙarshe ya fi ba ni tausayi, don ƙoƙari ne ya jawo shi. Yaron ya ji an ce table haramun ne, sai ya jera lissafin buhunan albasa da div, wato akwatunan shafi na yau da kullum, sama da ɗari: kwanan wata, yawan buhu, farashi da sefa, bashin da ya rage. To ai wannan lissafi shi ne ainihin abin da aka yi table dominsa. Manhajar da ke karanta wa makafi shafi ma da th take gane wace lamba ce farashi, wace ce bashi. Muka mayar da shi table, muka naɗe shi cikin akwati mai overflow-x: auto, yadda mai kaya zai ja lissafin gefe da yatsa ba tare da shafin duka ya goce ba. Na ce masa, "Ƙanena, daga yau kafin ka kai wa kowa aiki, matse allon zuwa piksel 360, sannan ka ari wayar mai shayin ƙofar gidanku ka gwada." Washegari ya turo mini hoton allon, "Enregistrer" na zaune a layinsa, farashi a nasa.