Yadda za ka karanta cocin ƙauyen Bask tun daga waje har ciki

Wannan na ƴan'uwa ne masu karatun zanen gine-gine a Samaru, da ma duk mai sha'awar tsohon gini, don na lura in aka ce tarihin ginin Turai kowa sai ya ruga manyan cocin Faris da Rum, alhali abin da zai fi amfanar ɗan Zariya yana can ƙauye. Ƙasar Bask tana bakin tekun Atlantika, wajen tsaunukan Firenis, wani yanki a Sifen wani a Faransa, kuma kusan kowane ƙauye da cocinsa a tsakiya. Ba sai ka yanki tikitin jirgi ba, datar ɗari biyar ta isa, ka buɗe Google Maps ka nemo ƙauyen Sara ko Ainhoa ko Itsasu a ɓangaren Faransa, ka ajiye takarda da fensir a gefe.

Kar ka yi saurin shiga ciki. Fara duba abin da ke kewaye da ginin, yawanci za ka ga maƙabarta ta zagaye shi, kusa kuma akwai dogon bangon da suke buga wasan ƙwallonsu na pilota. A maƙabartar ka nemi duwatsun nan masu kai zagayayye da suke kira hilarri, wasu da shekara a sassaƙe a jiki, ka rubuta mafi tsufa da ka iya karantawa domin shi zai ba ka ma'auni. Sannan ka ɗaga kai wajen ƙararrawa. Da yawa ba hasumiya suka yi ba, bangon gaba ne kawai aka ja shi sama aka huda tagogi aka rataye ƙararrawar, in ko ka ga saman bangon ya yi tsini uku to kusan tabbas kana yankin Zuberoa na ɓangaren Faransa.

Sai rumfar ƙofa, kar ka wuce ta kamar ba komai. Ƙasar ruwan sama ce sosai, saboda haka ake yin rumfa mai faɗi, kuma a da a nan masu gidaje ke taruwa bayan ibada su yanke shawarar gari, maganar makiyaya da daji da haraji. A yankin Bizkaia na ɓangaren Sifen har sunan irin wannan mulkin ƙauyen ma elizate ne, wato bakin ƙofar coci. In ka ga wata ƴar ƙaramar ƙofa a gefe, ko wadda aka toshe, ka sa mata alama a zanenka. A wasu garuruwan ta mutanen da ake kira Agot ce, waɗanda aka ware su ƙarni da ƙarni, ba a auratayya da su, ƙofarsu daban, wurin tsayuwarsu daban, gaskiya abin ba daɗin ji amma tarihi ne kuma a jikin bango yake.

To yanzu shiga, kuma nan ne nake so ka daɗe. A yankin Lapurdi na ɓangaren Faransa zaure ɗaya ne dogo ba ginshiƙai, sai barandar katako a manne da bango, hawa biyu ko uku, ta zagaye gefe uku, Sara da Itsasu duk hawa uku gare su. Abin da ya kawo haka shi ne jama'a ta ƙaru a ƙarni na 16 da na 17, maimakon a rushe a faɗaɗa sai aka ɗaga bango aka ƙara hawa, shi ya sa in ka lura da kyau wani lokaci za ka ga dutsen ƙasa daban na sama daban, wannan layin shi ne shaidarka ta cewa ba lokaci ɗaya aka yi ginin ba. Maza ke hawa sama, mata ke zama ƙasa, haka aka yi ta yi har cikin ƙarni na 20, amma kar ka yi saurin cewa an ƙasƙantar da matan ne, dubi daɓen tukuna. A da kowane gida yana da falalen dutsensa a ƙasa, da suke kira jarleku, wanda asalinsa kabarin dangin gidan ne, uwargida ce ke zama a kai tana wakiltar gidan gaban mamatansa, kuma wurin na gida ne ba na mutum ba, wanda ya gaji gidan ya gaji wurin. A Faransa an taƙaita binne gawa cikin coci a 1776 amma zaman bai tashi ba. A can ɓangaren Sifen, a Amezketa, har yanzu ana kunna argizaiola, ɗan allon katako da aka naɗe siririn kakin zuma a jikinsa, a daidai wurin kowane gida. Ni a ganina duk wanda ya zana taswirar irin wannan cocin bai nuna wa ke zama ina ba, wallahi rabin aiki ya yi.

Bagadi kuma a sama yake, ana hawa matakala, bayansa allon katako mai ruwan zinare, galibi na ƙarni na 17 ko 18. Wannan ka ɗan duba ka wuce, a wurare da yawa a Turai akwai shi.

Wanda ba na so ya wuce ka shi ne cocin L'Hôpital-Saint-Blaise a Zuberoa, na ƙarni na 12, da UNESCO ta sa cikin jerin wuraren hanyar ziyarar ibada zuwa birnin Santiago na Sifen a 1998. Ɗaga kai ka ga ƙubbarsa, bakuna ne suka gitta juna suka fitar da tauraro mai tsini takwas, salon maginan Andalus. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙarƙashin bakan gizon masallacin Juma'a na cikin birni, aikin Babban Gwani na zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, zai gane tunanin nan take, ko da yake can dutse ne nan kuma ƙasa da azara.

In ka gama, ka haɗa zane uku: taswirar ƙauyen da cocin a ciki, yankan ginin da zai nuna hawa-hawan barandar, da daɓen ƙasa mai nuna wurin zaman kowa. Daga nan ka hau keke napep zuwa Wusasa, ka nemi izinin masu kula da cocin St. Bartholomew da aka gina da ƙasa a 1929, ka yi masa irin waɗannan zane ukun, ka tambayi dattawan wurin su wa ke zama a wane gefe a da, ka rubuta a gefen takardar.