Yadda na gyara bakin ƙofarmu

Wallahi da bakin ƙofarmu abin kunya ne, kana shigowa takalma ne za su fara yi maka sannu da zuwa, ƙofar ma ba ta buɗuwa duka saboda tulin silifas a bayanta, makulli kuwa kullum da safe sai an yi cigiya. Da farko kwando na ajiye, kwana 3 ya cika ya tumbatsa, kuma takalmin da kake nema shi ne can ƙasa.

Sai na ɗauko tef na auna wurin, mita 1 ne da 'yan kai, shi ne na sa kafinta ya yi min siririn benci mai faɗin santimita 30 da kanta biyu a ƙasa. Kowa takalmi biyu zai bari nan, saura ɗaki. Na kafa maratayi, na yara mita 1 daga ƙasa, ashe ba ƙiwa ke sa su yar da jaka ba, hannunsu ne ba ya kaiwa. Makulli na ba shi ɗan faranti. Na canja kwan fitila, na maƙala madubi, wurin har ya ƙara girma a ido.

Silifas ɗin maigida ne dai har yanzu muke fama.