Kafin ka taɓa lambar Python ɗinka, auna ta

Salamu alaikum 'yan uwa masu rubuta manhaja. Da yawanmu idan shiri ya fara jan ƙafa, sai mu hau gyara da ka, ba mu san inda gizo ke saƙar ba. Don Allah a fara aunawa. Buga python -m cProfile -s cumtime shiri.py (ka sa sunan fayil ɗinka a madadin shiri.py). cProfile, ma'aunin lokaci da ke zuwa tare da Python, zai jero maka aikin da ya fi cin lokaci a sama.

Abin da na fi gani shi ne neman suna a cikin list mai dubban sunaye, kuma a cikin loop. List sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Set kuwa da hash yake aiki, wato lambar da ake lissafowa daga sunan don sanin inda aka ajiye shi, kusan kai tsaye yake gano abin. Mayar da list ɗin set(sunaye), amma sau ɗaya, a wajen loop ɗin, in ba haka ba aikin banza ka yi.

In kuma shirin ya ba ka saƙon kuskure kana neman maganinsa a Google, shafukan farko yanzu sun cika da kwafe-kwafe. Sa saƙon kuskuren cikin alamar zance, cire sunan fayil ɗinka, ka ƙara site:stackoverflow.com don ya nemo maka a Stack Overflow kaɗai, shafin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja. Duba shekarar amsar ma, don tsohuwar amsa tana iya zama ta Python 2, kuma tun Janairun 2020 aka daina kula da Python 2.