Yadda zaka rufe manhajojin da ke cinye maka ƙarfin kwamfuta

Ka danna abu sai ka zauna kana jira, fanka tana ta ƙugi kamar zata tashi sama, ƙasan laftof ɗin yayi zafi har baka iya ɗora shi a cinya. Kafin kace ta tsufa ko bairos ne ya shiga, ka fara duba me ke gudana a cikinta tukuna, don sau tari kaya ne kawai suka yi mata yawa.

Ka ɗauki RAM kamar teburin aiki, duk manhajar da ka buɗe sai ta ɗora kayanta a kai, idan teburin ya cika sai Windows ta koma tana kwashe wasu tana ajiyewa a hadis ɗin ajiya, wato hard disk, shi kuma hadis ko kusa bai kai RAM sauri ba musamman tsohon nan mai juyawa, to daga nan nauyin ke farawa. Mai RAM 4GB shi yafi jin abin a jikinsa, don 4GB ɗin shine mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke buƙata ita kaɗai.

Wani abu da mutane da yawa basu lura dashi ba, danna X ɗin nan na kwanar sama ba kullum yake rufe manhaja ba. Irin su Teams, Telegram da Discord ɓuya kawai suke yi. Kalli ƙasan sikirin kusa da agogo, akwai wata 'yar kibiya mai kallon sama, danna ta zaka gansu jere, sai ka danna kowanne da maɓallin dama na maus ka zaɓi Quit ko Exit.

Sai babban aikin. Danna Ctrl da Shift da Esc lokaci guda, Task Manager, wato wurin da ke nuna duk abin da ke gudana a kwamfutar, zai buɗe. Idan Windows 10 ce kuma ya fito ɗan ƙarami, danna More details. A shafin Processes zaka ga CPU (ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki), Memory (wato RAM), Disk da Network a jere a sama. Danna kan Memory sau ɗaya, duk wanda yafi ci zai hau sama, ka kuma yi hakan da CPU. Don Allah kar ka fara rufe abubuwa ido rufe, ka tsaya ka ga waye ɓarawon tukuna. Idan ka gane shi kuma ka san ba amfani kake dashi ba, zaɓe shi ka danna End task. Amma fa End task baya tambayarka ko kayi sebin, zaka iya rasa rubutun da baka ajiye ba, shi yasa gara ka fara gwada rufe ta da Alt da F4, sai ta ƙi sannan ka matsa mata.

Yawanci burawuza ce zaka tarar a sama. Chrome yana raba shafuka da ƙarin kayan da ka saka masa gida gida, shi yasa zaka ga lamba a gefen sunansa. Kana cikinsa ka danna Shift da Esc, yana da nasa Task Manager ɗin da zai nuna maka takamaiman shafin da ke shan memori, sai ka rufe shi kaɗai ka bar sauran.

Akwai waɗanda ba a taɓawa. Duk abin da ke ƙarƙashin Windows processes ka ƙyale shi, irin su System da Service Host, rufe wasunsu kan iya sa kwamfutar ta mutu nan take. Antimalware Service Executable kuma mai gadin Windows ne, ko ka ganshi yana ci ka bashi lokaci ya gama bincikensa. Windows Explorer idan ya maƙale Restart ake masa, in ka rufe shi layin ƙasan nan gaba ɗaya zai ɓace. Sunan da baka gane ba, bincika shi a intanet kafin ka taɓa.

Ni a ganina inda aka fi samun sauƙi shine shafin Startup na cikin Task Manager, wanda a Windows 11 ake kira Startup apps, can ne duk masu tashi tare da kwamfutar suke, in baka hana su ba gobe ma zasu dawo. Wanda baka buƙata da zarar ka kunna ka danna masa Disable, ba gogewa bane, duk sanda kaso zaka buɗe shi da hannunka. Antibairos dai ka barshi.

Masu Mac, jan maɓallin nan taga kawai yake rufewa a yawancin manhajoji, Command da Q ne ke fitar da ita gaba ɗaya, in ta ƙi motsi kuma Command da Option da Esc. Naku Task Manager ɗin sunansa Activity Monitor.

In kayi duk wannan nauyin bai sauka ba, yi mata Restart, kar ka zaɓi Shut down, saboda tun Windows 8 akwai Fast Startup da ke adana wani ɓangare na tsarin idan ka kashe, Restart ne ke tayar da komai sabo.