Yadda Za a Zaɓa wa Jaririya Sunan da Aka Ji a Fim

Iyaye da yawa kan ji wani suna a fim ɗin Kannywood, ko na Indiya da Turkiyya da aka fassara, ya kwanta musu a rai tun kafin haihuwa. Abu na farko shi ne a binciki ma'anarsa wajen malami ko wanda ya san harshen, domin daɗin furuci kaɗai ba ya isa. Lakshmi sunan abar bauta ce a addinin Hindu, Puja kuma na nufin ibadarsu, saboda haka ba su dace da gidan Musulmi ba. Sunayen Turkiyya sun fi sauƙi, tun da Ayşe ita ce A'isha, Hatice ita ce Hadiza, Zeynep kuwa Zainab, sai a koma ga furucin da muka saba.

Idan dangi sun nace a mayar da sunan kaka, wanda sau da yawa shi ne yake faruwa, sai a yi huɗuba da shi, a raɗa shi ranar bakwai a matsayin sunan yanka, sannan na fim ya zama alkunyar da za a riƙa kiran yarinyar da ita.

Ya kamata kuma a tsayar da rubutu guda tun daga takardar haihuwa, domin bambancin harafi ɗaya tsakaninta da katin NIN ko takardar WAEC kan jawo zirga-zirgar gyara daga baya.